Bas ɗin 'Yan Mata Ɗalibai a Kano: Kyauta Ce, Amma Tana Zuwa a Kan Lokaci?

Masu gardamar ko za a iya ɗaukar jama'a a mota kyauta sun fi kawo misalin ƙasar Luksambog da ke Turai, wadda ta soke kuɗin bas da na jirgin ƙasa a 2020. Ba sai an je can ba. A nan Kano akwai dogayen motocin da ke kai 'yan mata makarantun gwamnati su dawo da su ba ko sisi. An fara su a mulkin Kwankwaso na biyu, suka daɗe a ajiye, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara su ta mayar da su kan titi bayan hawanta a 2023.

Amfanin a aljihun uba ake fara ganinsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ya daina zama wuri ɗaya. A ƙaddara yarinya tana biyan naira 300 zuwa, 300 dawowa. A kwana 20 na karatu dubu 12 ke nan, mai 'ya'ya mata uku kuwa dubu 36, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70. A irin wannan gida ranar da babu kuɗin mota babu makaranta, kuma an san wadda ake fara cewa ta zauna.

Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba, wato saurin lodi. Motar haya tana ɓata lokaci wajen ciniki da neman canji, ga kwandasta na jiran a cika. Wannan kuwa ƙofa ake buɗewa, a shiga, a tashi. Bas ɗaya tana kwashe abin da sai an jera A Daidaita Sahu fiye da goma, kuma duk wanda ya san titin Katsina daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo da sassafe ya san darajar wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne gareji. Mota mai tsayawa kowane ɗan taƙi da kaya a cike tana cin birki da kuloci fiye da mai tafiyar dogon zango. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, injin ya rasa ƙarfi ya riƙa shan gas. Zafin Afrilu kuma lagireto yake nema, ga taya da ke fashewa idan iskarta ta yi ƙasa. Mai motar haya yana gyara daga cinikin yau, don in ta kwana a wajen bakanike gidansa ba a ɗora tukunya. Motar kyauta ba ta da cinikin yau. Kuɗin juyen baƙin mai da na gas sai sun bi ta takarda, kuma in suka makara sati biyu, gyaran kuloci ya koma gyaran giya. Daga nan sai a fara cire kayan wadda ta tsaya ana sa wa mai tafiya. Haka motoci ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya ce an soke shirin ba.

Lokaci ma matsala ne. Kowa ƙarfe bakwai yake son mota. Wadda ta taso daga ƙarshen layi tana cika kafin ta kai tsakiya, na gaba su ga wucewarta kawai. In ta maƙale a Kabuga ko Ɗangi, sawu na biyu ya riga ya makara. Uwar da ba ta da tabbas dole ta ba 'yarta kuɗin ko-ta-kwana, kenan rabin amfanin ya tafi. Kuma doguwar bas ba ta shiga lungunan cikin gari, sai yarinya ta taka zuwa bakin titi.

Hukuncinmu: shirin ya cancanci a riƙe shi, har a faɗaɗa shi zuwa ɗalibai maza da tsofaffi da masu zuwa asibiti, amma ba kafin a yi abu uku ba. A ware kuɗin gas da na sabis na zangon karatu gaba ɗaya tun kafin a koma makaranta. A cikin kowace mota goma a bar ɗaya a gareji tana jiran wadda za ta lalace. A kafa allo a kowace matsaya da lokacin isowa, sannan wasu motocin su fara lodi daga tsakiyar layi.

Ga iyaye: a makon farko ku sa ido ku ga ƙarfe nawa take wucewa ta matsayarku, yarinya ta riga ta da minti 15, kuma kada a daina sa mata kuɗin dawowa a jaka, musamman ranar Juma'a da ake tashi da wuri tituna kuma suna cushewa.