Sandunan saiti na wasan golf: abin da suke gyarawa da inda suka gaza

Sanduna ne biyu sirara na faiba, tsawon kowacce kusan inci 48, kai ɗaya mai tsini, ɗaya kuma da murfin roba. Ba su da nauyi, sai ka soke su a jaka ka manta da su. Wanda ƙwallonsa ke yawan bauɗewa dama ko hagu, kafin ya zargi sandar bugunsa ya fara sayen waɗannan, domin sau tari tun a tsayuwa bugu yake lalacewa.

Babban aikinsu saiti. Ka shimfiɗa ɗaya a ƙasa daf da ƙwallo, ta kalli tutar da ke nuna ramin sak. Ɗayar ka kwantar da ita wajen ƙafafunka, su jeru kamar layin dogo, kada bakinsu ya haɗu. Nan mutane da yawa suke kuskure: sai su saita ƙafafunsu ga tuta. Fuskar sandar bugu ce take kallon tuta, jiki kuwa, ga mai bugu da hannun dama, ɗan hagu da tuta yake kallo, bahago kuma akasin haka. Kuskuren ba ƙarami ba ne. Karkata ta digiri 5 kacal a bugun mita 150 tana kai ƙwallo kusan mita 13 gefe. Jiki kuma ba ya yarda ya yi asara, sai hannuwa su shiga gyara da kansu suna yankar ƙwallo daga waje, ta tashi tana lanƙwasa.

Abu ɗaya da kwalin sandunan bai cika faɗa ba: a layin dunduniya ya kamata a ajiye ta biyun. Yawancin 'yan wasa suna ɗan buɗe yatsun ƙafar gaba waje, saboda haka layin yatsu yakan yi ƙarya.

Idan ka gitta ɗaya a kan ɗaya tsakanin ƙafafu, za ka ga ainihin inda ƙwallo take. Ga ƙarfe mai lamba 7, wato sandar bugu ta matsakaicin zango, faɗin tsayuwa daidai da kafaɗu, ƙwallo a tsakiya ko gaba kaɗan, nauyi rabi da rabi. Ga direba, wato sandar bugu mafi nisan zango, a ƙara buɗe ƙafa, ƙwallo ta zo daidai cikin dunduniyar gaba, nauyi ya ɗan rinjaya baya.

Wajen daidaiton jiki ma suna da rana. Ka kafa ɗaya a tsaye, tazarar yatsu uku daga ƙugunka na baya, sannan ka ɗaga bugu. In ƙugu ya taɓa ta, zamewa kake yi gefe maimakon juyawa, shi ya sa sandar bugu take cin ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo. Bayan bugu ka tsaya cak na daƙiƙa uku, kusan duk nauyi a ƙafar gaba, dunduniyar baya a sama. Wanda ya yi tangaɗi, ya duba tafin ƙafarsa, ko dai ya dogara a yatsu ko ya zauna a dunduniya.

Inda suka gaza shi ne kafaɗu. Ƙafa za ta iya zama daidai a layi alhali kafaɗu a buɗe suke, sandar da ke ƙasa kuwa ba ruwanta. Sai ka ɗora ɗaya a ƙirji ka duba, ko wani ya tsaya bayanka ya gani. Masu arha kuma murfinsu yakan fita, faibar ta tsage ta bar ƙananan sartse a tafin hannu, a busasshiyar ƙasa tsinin ba ya shiga. Kada a kafa sanda a inda bugu zai same ta, karyewarta tana iya raunata ido.

Sandunan saiti na atisaye ne kawai. Dokar golf ta 10.2b, wadda R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin wasan, suke kula da ita, ta hana ajiye wani abu a ƙasa don saita tsayuwa ana cikin wasa, hukuncinta tarar bugu biyu da za a ƙara a lissafin ɗan wasa, ko rasa ramin idan karawar mutum biyu ce. Ɗaukarsu a jaka ba laifi, ba sa cikin sandunan bugu 14 da doka ta ƙayyade. Wajen saye a zaɓi masu launi mai haske da ake gani a ciyawa, masu zuwa da bututun ajiya.