Kwas ɗin tambayoyin kodin ko intabiyun gwaji da mutum: wanda zan ce ka biya

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka biya a shirinka na intabiyun neman aiki a manyan kamfanonin fasaha, tsakanin kwas ɗin tambayoyin kodin (rubuta manhaja) na shekara guda da zaman intabiyun gwaji da gogaggen injiniya. Tunda kujerar babban injiniya kake hari, zuba kuɗinka a na biyun. Duka biyun na taɓa saye, shi ya sa ban tsaya kwana-kwana ba.

Bari in sallami kwas ɗin da wuri. Ya tara tambayoyi wuri guda, ya jera su daki-daki, bidiyonsa ma ba laifi. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Kusan duk abin da ke cikinsa yana nan kyauta: jerin tambayoyin nan da ake kira Blind 75 da ɓangaren kyauta na LeetCode, shafin atisayen kodin, sun ishi wanda ya daɗe yana rubuta manhaja ya wasa hannunsa. Nawa har rajistar ta ƙare ban ci rabinsa ba.

Kada ka ɗauka ina raina zagayen kodin. A Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, minti 45 ne, kuma yawanci tambaya biyu za a ba ka, wanda hannunsa ya yi sanyi nan zai tsaya. Sai dai tambayar da ake yi wa mai neman matsakaicin mataki da wadda ake yi wa mai neman babba kusan duk ɗaya ce. Inda ake rarrabe su shi ne zagayen zana tsari, wato fasalta yadda za a gina babbar manhaja, da zagayen labarin aikin da ka yi a baya. Matakin da kake nema L5 ne a Google, E5 a Meta, L6 a Amazon, a Microsoft kuwa daga 63 yake farawa. Sau da yawa mutum zai warware kodin tas, a kira shi a ce an yaba da shi, amma tayin da za a yi masa na matakin ƙasa ne. Leƙa Levels.fyi, shafin da ke tara bayanan albashin kamfanonin fasaha, ka ga tazarar albashi da hannun jari tsakanin matakan biyu, sannan ka lissafa shekarun da za ka yi kana jiran ƙarin girma kafin ka dawo inda ya kamata ka fara. Wannan asarar ce ka fi fuskanta, kuma kwas ba ya tare ta.

Wadda na yi zaman gwaji da ita injiniya ce da ta daɗe tana tantance masu neman aiki a wani babban kamfani. Ta ce in zana mata shafin labarai irin na dandalin sada zumunta, ta yi shiru abinta. Na tambayi yawan masu amfani, ta ce in ɗauka miliyan 200 a rana, kowa yana buɗewa sau 10. Buƙata biliyan 2 ke nan. In ka raba da daƙiƙa 86,400 da ke cikin yini, kusan 23,000 a daƙiƙa, kafin ma a zo lokacin cunkoso. Na zaɓi duk sanda mutum ya wallafa abu a tura shi kai tsaye cikin jerin kowane mabiyinsa, don karatu ya yi sauri. Ta bar ni na gama zane, har ina jin daɗin kaina, sannan ta ce: "To, mai mabiya miliyan 50 ya wallafa. Me ya faru?" Rubutu miliyan 50 ke nan daga dannawa ɗaya. Muka zauna a kan wannan har na isa inda ake so: masu mabiya kaɗan a tura nasu lokacin wallafawa, na mashahurai a ajiye a ɗauko lokacin da mai karatu ya buɗe, a gauraya biyun. Ba ta ƙyale ni ba. Idan layin jiran saƙonni ya cika fa? Idan ma'ajiyar wucin gadi ta mutu gaba ɗaya, rumbun bayanai zai ɗauki nauyin, ko shi ma zai durƙushe? Wane ma'auni zan sa ido a kansa da zai tashe ni da tsakar dare?

Abin da ta faɗa bayan mun gama shi ne ya biya kuɗin. Ta ce amsoshina daidai ne, amma duk ita ta jawo su. Da ita ce ke rubuta rahoto, da ta rubuta ƙwararren injiniya mai jiran a nuna masa hanya. Babba shi ke jan akalar zaman. Shi zai fara kawo zancen mashahurai tun ba a tambaye shi ba, ya ce ga hanya biyu, ga abin da kowacce za ta ci, ga wadda na ɗauka da dalilina. Har ta nuna mini daidai mintin da ya kamata in bar zanen sama-sama in nutsa cikin ɓangare guda. Bidiyo ba zai taɓa katse ka ya gaya maka haka ba, domin bai ji ka ba.

Kuma jin naka da baki shi ne komai. A Google kwamiti ne ke duba rahoton waɗanda suka gana da kai, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba. Abin da ka sani amma ka bar shi a ciki ba zai hau takarda ba.

Haka zagayen labarin aiki, wanda injiniyoyi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Amazon na da ƙa'idojin jagoranci 16 tun 2021, a kansu ake gina tambayoyin, kuma cikin masu ganawa da kai akwai wanda suke kira Bar Raiser, daga wata tawaga daban, wanda in bai gamsu ba da wuya a ɗauke ka. Za a ce ka ba da labarin lokacin da kuka saɓa da shugabanka, ko aikin da ya rushe a hannunka. Sai a bi ka da tono: kai me ka yi da kanka, wa ka shawo kansa, da wace hujja, me ya canza bayan nan, a wane adadi? Labarin da a ranka yake da tsari, ranar da ka fara faɗarsa a gaban baƙo za ka ji yana warwarewa. Gara ya warware a zaman gwaji.

Sharaɗi ɗaya: kada ka je zaman da kai fayau. Mai gwaji ba malamin aji ba ne, in ka je ba ka san bambancin kwafe bayanai a kan kwamfutocin saba (server) da yawa da rarraba su kashi-kashi ba, kuɗinka zai ƙare a bayanin abin da za ka iya karantawa. Fara da littafin Martin Kleppmann na 2017, Designing Data-Intensive Applications, da takardar bincike kan Dynamo, tsarin ajiyar bayanai, da injiniyoyin Amazon suka fitar a 2007. Su ma ba hadda ake so ba, dalilin kowane zaɓi ake so ka kama.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa, domin harkar ta cika da 'yan damfara. Duk wanda ya ce yana da tambayoyin sirri da aka fitar daga kamfani kaza, yawanci abin da mutane suka riga suka baza a intanet ne ya tattara ya sa wa farashi. Mai sayar da alkawarin gabatar da kai ta hannun ma'aikacin ciki, gudu shi. Gabatarwar wanda bai san aikinka ba ba ta da nauyi, kuma ba ta tsallakar da kai zagaye ko ɗaya. Wanda ya aiko maka saƙo a matsayin mai ɗaukar ma'aikata ya nemi kuɗin fom ko na kayan aiki, ɓarawo ne, waɗannan kamfanoni ba sa karɓar ko sisi daga mai neman aiki. Sai masu tallar manhajar da ke raɗa maka amsa a ɓoye, da masu cewa za su zauna intabiyun a madadinka: in aka kama ka an rufe maka ƙofar, in ba a kama ka ba watan farko a bakin aiki zai tona. Ko cikin masu zaman gwajin akwai na bogi. Kafin ka biya, tambayi a wane mataki ya yi aiki, ko ya taɓa tantance masu neman babban matsayi da kansa, kuma ko zai ba ka rahoto a rubuce. Kada ka sayi zama da yawa a dunƙule. Sayi ɗaya ka gani tukuna. In ya ce yana ba da tabbacin samun aiki, rufe shafin.

Kodin ka riƙa yinsa kyauta da yamma, da agogo a gabanka, kana bayani da babbar murya. Nemi wani mai irin wannan shiri ku riƙa yi wa juna gwaji. Zaman da za ka biya ka sa na farko da wuri, don ka san inda ɓarakar take, na ƙarshe kuma saura mako biyu intabiyun gaske, sannan ka gaya wa mai gwajin sunan kamfanin da matakin da kake nema don ya auna ka da ma'aunin da ya dace.