Garejin da ake kai a-kori-kurar da ta ƙi tashi bayan obahol

A ɓangaren Muciya, cikin Sabon Garin Zariya, akwai wani gareji da makanikai da kansu suke tura masa aiki idan ya gagare su. Ba shi da allon suna, rumfar kwano ce da ramin duba ƙasan mota guda ɗaya. Yawancin abin da ake janyowa wurin tsofaffin a-kori-kura ne, musamman Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuma har yau ita ce ke ɗauko masara daga Giwa da Soba, da rake daga Maƙarfi. Matsalar da suka yi suna a kanta guda ce: an yi obahol, wato an sauke inji, an sa sabon ringin fistin da metal (zoben ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa) da gasket, an goge bawul, an mayar, an murza makulli, mota ta ce ba ta san zance ba.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne wurin ya cancanci kuɗinsa idan motarka mai fetur ce mai kafireto da kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke haɗuwa su rabu don a ba fulogi wuta. Dalili kuwa, ba sa kwance komai sai sun auna. Wannan ɗabi'a ita ce ta raba su da inda za a ce maka a sake sauke inji alhali wayar fulogi ce aka juya.

Abu na farko da maigidan garejin yake yi ba ya buƙatar batir. Yana cire fulogi huɗun, ya sa mota a firi, ya ɗora sifana a kan notin fulin karanshaf ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Sabon obahol yakan yi ɗan tauri saboda sabon ringi, amma dole ya juyu da ƙarfin hannu ɗaya kuma taurin ya zama iri ɗaya a ko'ina. Idan ya cije a wuri guda, ko kuma sai an sa bututu a kan sifana kafin ya motsa, to aiki ya tsaya nan. Ko dai metal ɗin da aka sa bai dace da gugar da aka yi wa karanshaf ba, ko an musanya murafun metal, ko bakin ringi ya matse domin ba a auna shi a cikin silinda kafin a ɗora ba. Irin wannan injin ne wasu suke ɗaure wa igiya su ja shi da wata mota a kan titi har ya tashi da ƙarfin tsiya. Yana iya tashi, amma metal ya riga ya ƙone kafin baƙin mai ya kai gare shi. A garejin nan ba sa yarda da jan mota, ko mai ita ya roƙa. Amsar maigidan ba ta wuce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in muka ja ta yau, jibi za ka sake sayen karanshaf."

Idan injin ya juyu lafiya, tun fulogi na waje suke buga kik har fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod, sannan su duba cewa mai ya iso saman roka, ƙarafan da ke danna bawul. Daga nan sai batir. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a mita, kuma lokacin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba sosai. Motar da ta yi wata biyu a kwance ana neman kuɗin kaya, batirinta ya riga ya yi sanyi, ga sanyin hunturun Zariya da safe yana ƙara masa nauyi. Suna kuma bin wayar as da ke tsakanin inji da bodi, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Sau da yawa an wanke bulok an fesa masa fenti, an ɗaure wayar a kan fentin, ko an manta da ita gaba ɗaya tana reto a bayan giyabos. Alamar ita ce kik yana juyawa da kasala, wani lokaci wayar totur ko ta cok ta yi zafi domin wuta ta bi ta cikinta tana neman hanya. Ba sa barin yaro ya danne kik fiye da daƙiƙa 10 ba tare da ya huta ba.

Inda suka fi burge mu shi ne taimin wuta, wato daidaita lokacin da fulogi zai ba da wuta, kuma a nan ne mafi yawan motocin da ake kawowa suke da ciwo. A injin Peugeot 504 silinda ta ɗaya tana baya, wajen filawil da kuloci. Ba ta gaban lagireto ba ce kamar yadda take a Toyota Hilux mai injin 22R. Makaniken da ya saba da Toyota sai ya ƙirga daga gaba. Abin da ke ƙara ruɗa shi, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa su kai ƙololuwa, saboda haka alamar taimin za ta zauna daidai, ya duba ya ga komai ya yi, alhali wutar tana zuwa wa silindar da ke fitar da hayaƙi. Motar za ta riƙa tari ta kafireto, ta yi harbi a salansa, wani lokaci har da harshen wuta, amma ba za ta kama ba. Su a nan ba sa dogara da alamar kaɗai. Fulogin 504 yana can cikin dogon bututu, yatsa ba ya kaiwa bakin ramin a ji iska, don haka sai su buɗe murfin roka su juya injin a hankali har bawul biyu na silinda ta huɗu su yi sassaɓa, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa. A daidai wannan lokaci silinda ta ɗaya ce take kan matsi, kuma inda rota, ɗan hannun da ke juyawa a cikin distiribita yana raba wa fulogi wuta, ta nuna nan wayar fulogi ta ɗaya za ta zauna. Sauran su bi ta 1-3-4-2, ta ɓangaren da rota ke juyawa, wanda suke tabbatarwa da ido maimakon su yi zato.

Idan rota ta nuna wani wuri da distiribita ba za ta iya murɗuwa ta kai ba, sun san cewa sandar da ke juya distiribita da famfon baƙin mai ce aka zura a kan haƙorin da ba nata ba. Wasu makanikai sukan rufe wannan kuskure da jujjuya wayoyin fulogi a kan hular distiribita. Mota za ta tashi, amma duk wanda ya taɓa ta nan gaba zai sha wahala. Garejin nan yana gaya wa mai mota gaskiyar lamarin, ya bar masa zaɓi.

Taimin farko da ƙwan fitila suke sa shi. Waya ɗaya a kan ƙafar kwayil da ke zuwa distiribita, ɗaya a jikin inji, makulli a buɗe. Ana murɗa distiribita a hankali, da ƙwan ya kama, kwantak ya buɗe ke nan, sai a ɗaure. A tsofaffin injuna akwai rami a jikin gidan kuloci da ake zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 ya faɗa cikin tsagar filawil, kuma maigidan yana da nasa ƙarfen a rataye. Yana kuma tabbatarwa an zare shi kafin a taɓa kik. Tazarar kwantak milimita 0.40 suke ba ta da filageji, siraran ƙarafan auna tazara, ta fulogi milimita 0.6. Sabon kwantak yakan zo da ɗan maiƙo a fuskarsa wanda ke hana wuta wucewa, suna goge shi da tsumma mai fetur. Suna duba 'yar robar da ke raba wayar kwantak da jikin distiribita, domin in ta fashe ko aka sa ta ba daidai ba, wuta za ta zube a bodi, kwayil ya yi zafi, fulogi bai ga komai ba. Wutar da suke nema daga babbar wayar kwayil shuɗiya ce mai ƙara, wadda za ta tsallake tazarar milimita 6 ko fiye. In ja ce mai rauni, kwandansa, 'yar gwangwanin da ke tare da kwantak, suke fara zargi, kuma suna ajiye tsohuwar kwandansa mai kyau don gwaji, saboda sababbin da ke kasuwa ba duka ne ke aiki ba ko da daga kwali aka ciro su.

Wuta ta yi, taimin ya yi, mota ba ta tashi ba, sai a ɗauko ma'aunin komfureshan, wato matsin iskar cikin silinda. Nasu yana da dogon baki mai zare da ke kaiwa cikin bututun fulogin Peugeot, abin da gareji da yawa ba su da shi. Ana aunawa da totur a buɗe gaba ɗaya, fulogi duka a waje, wayar kwayil a cire. Inji mai lafiya irin wannan yakan wuce 120 psi, kuma bai kamata silinda ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta da abin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Ƙasa da 90, tashi zai yi wuya. Yadda suke karanta sakamakon shi ne ainihin gwanintar. Idan duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida kuma kik yana gudu da sauƙi kamar babu fulogi, taimin cen, sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul, ne ya goce da haƙori ɗaya ko biyu, bawul na buɗewa ba a lokacinsa ba. Idan ɗaya ko biyu ne suka faɗi, suna fara duba tazarar bawul, domin bayan an goge bawul kuma an sassabe tof silinda, wato kan injin inda bawul suke, tsohon saiti ba ya aiki, roka na danne bawul ya hana shi rufewa. A sanyi, tazarar bawul ɗin shigar mai milimita 0.10 ce, ta na fitar hayaƙi 0.25. Hanyar da suke bi: a buɗe bawul ɗin hayaƙi na ɗaya gaba ɗaya, a saita na mai na uku da na hayaƙi na huɗu, a buɗe na hayaƙi na uku, a saita na mai na huɗu da na hayaƙi na biyu, a buɗe na hayaƙi na huɗu, a saita na mai na biyu da na hayaƙi na ɗaya, a buɗe na hayaƙi na biyu, a saita na mai na ɗaya da na hayaƙi na uku. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare kuwa, gasket ne a tsakaninsu.

Akwai kuma matsalar da masu mota ke jawowa ba da saninsu ba. An yi kwana biyu ana kik ana taka totur ana jan cok, fetur ya cika silinda ya wanke man da ke jikin ringi, komfureshan ya zube. Ko da an gyara asalin matsalar, motar ba za ta tashi ba. Maganinsu shi ne a busar da fulogi, a bar ramukan a buɗe su sha iska, a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya a kowace silinda, a juya injin, a mayar. Idan sandar gwada mai tana warin fetur, sai an juye man kafin a tayar.

Injin 504 yana da hannun riga mai ciruwa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, wanda ruwan lagireto ke zagayawa a bayansa, yana zaune a kan siririn sil a ƙasa. Duk wanda ya juya karanshaf alhali tof silinda na waje kuma bai danne hannayen rigar da wasa da noti ba, zai iya ɗaga su, sil ɗin ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Suna duba wannan ta launin mai da kuma ko ruwan lagireto na raguwa mota na tsaye. A nan ne muke da ƙorafi na farko a kansu. Ba su da agogon auna yawan fitowar hannun riga sama da bulok, da ƙarfe miƙaƙƙe da filageji suke yi. Yana fitar da su a mafi yawan lokuta, amma aikin da ya dogara da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba ya fi ƙarfin wannan dabara.

Ɓangaren fetur ba ya ɗaukar su lokaci. Suna cire bututun da ke shiga kafireto su sa shi a gora, a buga kik, a ga ko mai na tunkuɗowa. In babu, ko an juya bututun shiga da na fita a kan famfo, ko an manta 'yar sandar da kamshaf ke tura famfon da ita, wadda takan ɓace a cikin kwanon wankin kaya. Fetur da ya yi watanni a tanki suna ajiye shi gefe su gwada da sabo daga galan. Sai allurar kafireto da ta manne, da gasket ɗin gindinsa da ke shan iska.

Sauran ƙorafin guda huɗu ne. Ba su da sauri, kuma a lokacin kaka, sa'ad da kowa ke son motarsa ta fita ɗaukar amfanin gona, za ka iya tarar da layi. Ba sa rubuta maka abin da suka auna, sai ka tambaya, don haka ka je da takarda ka rubuta lambar komfureshan ta kowace silinda da kanka, za ta yi maka amfani idan ka koma wurin wanda ya yi obahol ɗin. Na uku, dizal ba fagensu ba ne. Hilux mai injin 2L ko 3L za su iya fitar mata da iska daga layin mai, su gwada hita fulogi, su duba alamomin taimin bel, amma ma'auninsu na fetur ne, ba ya ɗaukar matsin dizal, kuma aikin injekta da famfonta waje suke kaiwa. Filin garejin ma ƙasa ce, in iskar hunturu ta taso dole ka matsa a rufe injin da aka buɗe da leda.

Kuɗin dubawa daban suke yanke shi da kuɗin gyara, kuma suna faɗa kafin su fara. Kaya kai za ka saya, su raka ka da yaro zuwa wurin masu sifiya, tsohon da aka cire kuma a ba ka abinka. Idan za ka kai musu mota, ka tafi da cikakken batir, da galan na sabon fetur, da tsofaffin kwantak da kwandansa da aka cire in suna nan, da kuma bayanin abin da aka yi wa injin: ko an goge karanshaf, ko an sassabe tof silinda, ko an taɓa hannun riga. Bayan ta tashi suna barin ta ta yi zafi suna kallon fitilar mai da ruwa, sannan su ce a dawo da ita bayan kilomita wajen 1,000 a sake ɗaure notin tof silinda, a sake saita bawul, a juye baƙin mai da filta. Kafin lokacin, rabin lodi za ka riƙa ɗora mata, kuma kada ka bar ta tana nishi a babbar giya a kan hawa.