Kafin Ka Biya A Haɗa Maka Shafin Intanet, Duba Wanda Baƙo Ba Zai Ɓata A Ciki Ba

Wanda ya buɗe shafinka a waya abu uku yake nema: me kake sayarwa, nawa ne, ta ina zai same ka. In ya taɓa nan ya taɓa can bai gani ba, fita zai yi ya nemi wani. Shi ya sa duk ɗan kasuwar Sakkwato da ya tambaye ni inda zai gina shafinsa, baduku ne daga Madunka, ko dillalin albasa mai loda mota zuwa Kudu, ko mai makarantar kuɗi, ba na fara masa da launi da hotuna. Menu nake fara dubawa, wato jerin maɓallan da baƙo zai bi ya kai ga abin da ya kawo shi, da kuma wanda ke da ikon gyara jerin nan gobe.

Hanyoyin da aka fi tallata wa mutane a nan su ne Blogger, Wix, Shopify, WordPress, sai kuma a ba wani yaro ya rubuta shafin da hannu tun daga tushe.

Blogger na Google ne, kyauta ne, amma an yi shi ne don mai rubutu kullum. Sabon abu yana danne tsoho, mai neman jakar fata sai ya yi ta gangarawa. Shopify kanti ne mai kyau, sai dai da dala ake biya duk wata, kuma kowa ya san abin da dala ke yi wa naira. Wix yana da daɗin aiki, ka ja hoto ko rubutu ka ajiye inda kake so, amma ba ka iya kwashe shafinka ka kai wani wuri, kuma na kyautarsa da tallansu yake zuwa a sama. Kamar gini ne a filin aro. Shafin da aka rubuta da hannu kuwa yana iya yin sauri ƙwarai, amma ranar da kake son ƙara maɓalli guda sai ka nemo wanda ya rubuta, shi kuma wataƙila ya tafi bautar ƙasa.

WordPress nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Tun 2003 yake, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Amfanin wannan a gare ka shi ne, in kun saɓa da wanda ya haɗa maka, ba za ka rasa wani a cikin gari ko cikin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya san kansa ba. A lura, wanda ake saukewa a ɗora a ma'ajiyar da ka kama haya nake nufi, ba na WordPress.com ba, wanda ke ƙayyade abin da za ka iya ƙarawa gwargwadon abin da ka biya.

A WordPress kai da kanka za ka iya jera menu, ka ɗaga wannan ka sauke wancan, ba sai ka iya rubutun kwamfuta ba. Shawarata kada ya wuce maɓallai biyar: Kaya, Farashi, Yadda Ake Saye, Inda Muke, Tuntuɓe Mu. Tarihin kamfani da hoton Alhaji a ofis su koma ƙasan shafi, ba su ne baƙo ya zo gani ba. Sunayen kuma su zama irin waɗanda mai saye ke faɗa da bakinsa. Mutumin da zai tsaya gaban rumfarka ya ce "wanga takalmi nawa na?" ba zai taɓa maɓallin da aka rubuta wa "Hidimominmu" ba. In kaya na da yawa, WooCommerce, ƙarin manhajar da ke mayar da WordPress kanti, zai raba su rukuni-rukuni, takalma daban, jakunkuna daban, tintimi daban, a sa akwatin bincike a sama, a kuma sa ɗan layin nan da ke nuna wa mutum inda yake da hanyar komawa baya.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, masu saye daga Ƙonni da sauran garuruwan Nijar da ke shigowa ta Illela, da yawansu Faransanci suka karanta, na Legas da Onitsha kuma Turanci. Ƙarin manhaja irin Polylang na ba ka damar yin menu daban ga kowane harshe, da maɓallin sauya harshe a inda ido zai gan shi. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan uwansa ko ya zama ɗan akwati a tsakiyar menu. Ka sa a rubuta "ƙofa" da "ɗinki" a gabanka kafin ka yarda.

WordPress ma yana da aibi. In aka lafta masa riga mai nauyi, wato tsarin kamannin shafi da ake ɗora masa, da ƙarin manhajoji barkatai, sai ya riƙa jan ƙafa. Riguna marasa nauyi irin GeneratePress, Astra ko Kadence suna da na kyauta, kuma sun wadatar. Kada ka gwada shafi a babbar kwamfutar mai haɗawa. Karɓi ƙaramar Itel ko Tecno, kashe wayifai, buɗe da data, in da hali a wajen gari inda sabis ke rawa. Duba ko layukan nan uku na kusurwa, inda menu ke ɓoye a waya, suna buɗewa da taɓawa ɗaya, ko babban yatsa na iya danna maɓalli bai haɗa da na kusa ba, ko maɓallin WhatsApp bai rufe farashi ba. Google ma fasalin waya yake dubawa wajen jera shafuka, kuma yana da ma'aunin sauri na kyauta, PageSpeed Insights.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Wani ya taɓa haɗa wa shagonmu shafi, ya yi rajistar adireshin shafin da sunansa da imel ɗinsa, bai faɗa ba. Shekara na zagayowa ya yanka kuɗin da ya ga dama, muka ce a'a, aka wayi gari shafin ba ya buɗewa, adireshin kuma yana jikin kati da allon shago. Don haka kafin ka ba da ko sisi, ka ce da sunanka da imel ɗinka za a yi rajista. Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng hukumar NiRA ke kula da shi, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Ka buɗe asusun da hannunka, ka biya da katinka, sannan ka ba mai aiki izinin shiga.

Sai kuma masu rigar sata. Rigar da ake saye da dala sai su sauko da fasasshiyarta daga wani lungu a kyauta, su caje ka kuɗin ta gaske. Araha ba ta ado, balle wannan da ko arahar ba ka ci ba. Irin waɗannan ba sa karɓar sabuntawa, kuma sau da yawa da mugun abu a ɓoye a ciki. Sai wata rana baƙo ya danna "Kaya" ya tsinci kansa a shafin caca, da sunanka a sama. Ka nemi rasidin saye da lambar lasisi. In ya fara kame-kame, ka gane.

Akwai kuma masu karɓar kuɗi mai yawa don ɗan makullin tsaro da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa a gefen adireshi, alhali wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na ba da shi kyauta kuma yawancin masu ba da hayar ma'ajiya na haɗa shi. Akwai masu nuna maka shafukan da ba su suka yi ba, don haka ka kira mai ɗaya daga ciki ka tambaya. Akwai masu rantsuwar za su kai ka sahun farko a Google cikin mako guda, abin da ba wanda ke da ikon yin alkawarinsa. Akwai masu ba ka asusun da ke iya sa hoto kawai, su riƙe na shugaba a hannunsu, ta yadda ko lambar wayarka ka sauya sai ka biya kafin a gyara.

Biyan kuɗi kashi-kashi za ka yi. Kashin ƙarshe kada ya fita sai ka shiga da kalmar sirrinka, ka cire maɓalli ɗaya daga menu ka mayar da shi a gaban mai aikin, sannan ya tura maka kwafin shafin gaba ɗaya zuwa imel ɗinka.