Schachnovelle: ɗakin otal ya biya, jirgin ruwa ya ɓata rawarsa da tsalle

Rabin farko na Schachnovelle, fim ɗin da Philipp Stölzl ya ba da umarni a 2021, wanda aka ɗauko daga gajeren littafin Stefan Zweig, ya ratsa ni ƙwarai. Watan Maris ne na 1938, 'yan Nazi sun shiga Vienna, sun kama Josef Bartok, lauyan da ke riƙe da amanar dukiyar manyan gari, suna neman lambobin asusun da ya haddace. Suka kulle shi shi kaɗai a ɗaki a otal ɗin Metropol, babu takarda, babu mai ce masa uffan. Da ya saci littafi, sai ya tarar na wasan ces ne, darar Turawa. Ya murza gutsattsarin burodi ya yi 'ya'yan wasa, har ya kai ga karawa da kansa a cikin ka. Oliver Masucci, wanda ya fito a matsayin Bartok, ya yi ƙoƙari matuƙa. Kana kallon hankalinsa yana zubewa kaɗan-kaɗan.

Amma abin da aka yi wa jirgin ruwan, inda fursunan ya kara da zakaran ces na duniya bayan fitowarsa, ya ƙona mini rai. A gajeren littafin Stefan Zweig na 1942, jirgin na gaske ne, daga New York zuwa Buenos Aires, kuma zakaran duniya Mirko Czentovic mutum ne mai zaman kansa: ɗan ƙauye mai nauyin kai, wanda ba ya iya wasa sai da allo a gabansa. Shi kuwa fursunan a ka ya koya. Nan gishirin labarin yake. Fursunan ya ci wasan farko, sai Czentovic ya gano lagonsa, ya riƙa cinye minti 10 cur kafin ya motsa ɗa guda, jiran ya tayar masa da tsohon ciwo.

Fim ɗin ya cire mai ba da labari na cikin littafin, ya mayar da tafiyar daga Rotterdam, sannan ya sa Albrecht Schuch ya fito a matsayin jami'in Gestapo, 'yan sandan sirri na Nazi, kuma shi ne Czentovic. Da ka gane fuskar, ka san jirgin a cikin kan Bartok yake, saura duk jira ne. Karawar da ya kamata ta tsayar da numfashi ta koma mafarki. Haba!

A kalle shi saboda Masucci, da Jamusancinsa da fassara a ƙasa, kuma a ɗaki mai duhu, don hoton ba shi da haske sosai. Wanda ke neman Czentovic na ainihi kuwa, sai ya koma littafi.