Yadda kyamarori takwas suka tsinka ni a Manchester

Jama'a barkanmu da warhaka. Na kwana biyu ban rubuto komai ba, aiki ne ya sha min kai, amma abin da ya same ni watan jiya ba zan iya haɗiye shi ni kaɗai ba, balle na san cikin masu karanta ni akwai masu sana'ar saka kyamarar tsaro, wasu ma tare muka fara hawa tsani.

Waɗanda suka san ni sun san kafin in taho Ingila injiniya ake ce min, kuma ina amsawa da ƙarfina. To a nan Manchester ina aiki ne a wani sito na kayan gini, da oga ya ji na san harkar kyamara sai ya damƙa min nasu. Kyamarori takwas ne, kuma ba akwatin naɗar bidiyo na DVR irin wanda muka saba ba, wata tsohuwar kwamfutar ofis ce mai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Core i5 na zubi na shida, da Windows a kanta da manhajar da ke naɗar hotunan. Ni na sake saita komai da hannuna, na ɗaga duk abin da ake ɗagawa zuwa ƙarshe, don a tunanina ai kyamara mai kyau ba a rage mata ƙarfi.

Tun daga ranar fankar kwamfutar nan ba ta sake yin shiru ba. Kana shiga ɗan ofishin za ka ji ta tana gurnani kamar injin markaɗe, in ka taɓa maus sai ya yi tunani kafin ya motsa. Nace a raina tsufa ne, na ƙyale ta.

Sai wani dare aka shigo aka ɗauke injin yanka tayil daga bayan motar kamfani. Oga ya kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, suka ce a turo musu bidiyon ta intanet. Na zauna da ƙwarin gwiwa, oga a tsaye a kaina da kofin shayinsa, na buɗe na ƙarfe biyu da kwata. Ga mutumin nan a bakin get da hular sanyi, sai hoton ya daskare, ya yi tsalle, sai ga get a buɗe babu kowa. Kusan daƙiƙa arba'in sun ɓace, kuma su ne arba'in ɗin da ake nema. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi, kawai cewa ya yi to me ya jawo haka?

Ni kuma ba tare da ko tunani ba na ba shi amsar da bakina ya saba da ita shekara da shekaru: kwamfutar ta gaji, a sayi sabuwa mai ƙarfi. Yace me ya nuna maka ta gaji? Na yi shiru. Yace a fara tuntuɓar masu manhajar tukuna tunda ana biyansu kuɗin tallafi duk shekara.

A nan fa raina ya fara ɓaci da tsarin ƙasar nan. Babu lambar waya da za ka kira ka ji muryar mutum, fom za ka cike, su turo maka saƙon da na'ura ta rubuta da wata lamba wai ta ƙorafinka, su ce ka jira kwana uku na aiki, ni kuma ranar Juma'a na cike, ka ga Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi kenan, sai Laraba. Kwana biyar ina kwana da fargabar a sake shigowa. Na tuna gida, inda za ka kira yaro ɗaya kafin magariba ya iso a babur da jakarsa, ko bai gyara ba aƙalla ka ga mutum ka yi masa ƙorafi ido da ido, hankalinka ya ɗan kwanta. Wannan kam ina kewarsa, ba na ɓoyewa.

Ranar Laraba wata ta kira ni, daga muryarta ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta nemi izini ta shiga kwamfutar daga inda take, ina kallon maus yana yawo da kansa. Tambayarta ta farko: firosesa na kan kashi nawa, kuma wace manhaja ce ke cinye shi? Nace ai dai yana cike. Tace ka duba Task Manager, wurin da Windows ke nuna abin da kowace manhaja ke ci? Shekara nawa ina wannan sana'a, ban taɓa danna Ctrl da Shift da Esc, maɓallan da ke buɗe shi, don kyamara ba. Ta buɗe, kashi 100 cur, manhajar naɗa ta kwashe kusan duka, antibayiros na biye da ita.

Sai ta yi min lissafin da har yau yake min yawo a ka. Kowace kyamara tamu tana turo hoto mai faɗin ɗigo 2560 da tsawon 1440, wato ɗigo miliyan 3.7 a hoto ɗaya, ni kuma na saka ta turo hoto 25 kowace daƙiƙa, ka ninka da kyamara takwas, ɗigo sama da miliyan 730 kenan duk daƙiƙa ɗaya, dare da rana. Kuma bidiyon a matse yake zuwa, kyamara ta riga ta ƙunshe shi da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265, to duk lokacin da kwamfuta za ta nuna shi a allo ko ta duba ko wani abu ya motsa dole sai ta kwance ƙunshin nan tukuna, kwancewar ita ce ke cin firosesa. Tace ina ƙaramin hoton? Nace wane ƙaramin hoto?

Ashe kusan duk kyamarar zamani hoto biyu take turowa lokaci guda, babba mai tsabta da ƙarami mara nauyi. Na sha ganin wurin a saiti ina tsallakewa, na ɗauka na masu kallo a waya ne da intanet ɗinsu ba ƙarfi. Namu ƙaramin 640 da 360 ne, ninki 16 cif ƙasa da babban. Abin da ya kamata shi ne manhaja ta riƙa amfani da ƙaramin wajen gano motsi da kuma nuna kyamarori takwas ɗin nan a allo, don ko ba komai kowace a ɗan akwati take fitowa, babban kuma a ajiye shi kawai don ranar buƙata. Ta saka adireshin ƙaramin hoton na kowace kyamara ɗaya bayan ɗaya, ina kallon lambar nan tana sauka kamar ana zare iska daga taya. Kafin ta gama ta takwas na ji fankar ta sassauta murya.

Na biyun shi ya fi ba ni kunya don da hannuna na jawo shi. Na sa manhajar ta riƙa buga kwanan wata da lokaci da sunan kamfani a jikin bidiyon don ya yi kyau. To ba za ta iya rubutu a kan abin da ke ƙunshe ba, sai ta kwance, ta rubuta, ta sake ƙunshewa, sannan ta ajiye, kuma sake ƙunshewar ma ta fi kwancewar nauyi. Kamar a kawo maka kaya a ɗaure tsaf ka ce sai ka kwance ka sake ɗaurewa kafin ka shigar sito, kowace daƙiƙa sau 25, ƙofa takwas. Alhali akwai zaɓin a zuba bidiyon kai tsaye cikin faifan ajiya yadda kyamara ta turo shi, lokaci kuma a bar kyamarar ta buga abinta, dama tana da wurin yin haka. Abin da ya cinye daƙiƙa arba'in ɗina kenan: motsi ya taso a kyamara uku lokaci guda, ga ruwan sama, firosesa ya shaƙe, manhaja ta fara zubar da hotuna don ta kamo lokaci. An bar jaki ana dukan taiki, ni ina zagin kwamfuta ashe ni ne.

Sauran ta bi su da sauri. Ta rage hoto daga 25 zuwa 15 a daƙiƙa, tace ba fim muke ɗauka ba, mai tafiya da ƙafa a 15 ba abin da zai ɓace maka. Ta daidaita cikakken hoton da kyamara ke turowa jefi-jefi, wanda sauran ke jingina a kansa, ya zama ɗaya duk daƙiƙa, don in ka ja bidiyo baya kada ya riƙa tsalle. Ta cire jakar da ake ajiye bidiyon daga cikin abin da antibayiros ke bincika, don duk sabon fayil da aka rubuta sai ya bi ya shinshina shi, kuma fayil ba ya daina rubutuwa. Sannan ta nuna min Quick Sync, wani ɓangare da Intel ke sakawa cikin firosesa tun 2011 wanda aikinsa kenan kwance bidiyo da ƙunshe shi, namu na zubi na shida ma har H.265 yana iyawa. Amma abin da ya burge ni ba ta ce kunna kawai ba, tace in aka koma ƙaramin hoto wani lokacin ba ya ƙara komai, wani lokacin ma direba, wato manhajar da ke sarrafa sashen hoto, ya kawo nasa rikicin, don haka mu kunna mu duba lamba, mu kashe mu duba lamba. Kowane canji ɗaya take yi, ta jira minti ɗaya, ta rubuta sakamakon. Ta kuma gargaɗe ni in har za mu sayi wata nan gaba in kula da firosesan Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, ba su da sashen hoto a ciki, don haka babu Quick Sync.

Minti arba'in da 'yan kai. Daga kashi 100 muka dawo ƙasa da 20. Ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba.

To 'yan uwa masu sana'a, ni da ku ne yanzu, kuma da kaina nake farawa. Sau nawa mai gida ya kira mu yace na'ura na daskarewa muka ce a yi fomatin? Sau nawa muka ce faifai ne, aka canza, ba a daina ba, muka ce to RAM ne, aka ƙara, daga ƙarshe muka ce ai kayan yanzu duk jabu ne? Ba ma aunawa, canke muke yi da kuɗin mutane. Kuma ba ma son a ji mun ce ban sani ba, gara mu ƙirƙiro ciwo. Masu gida ma ba su tsira ba, in ka zo ka danna abu biyu ya gyaru sai a ga kamar ba ka yi aiki ba, a hana ka haƙƙinka, amma in ka kwance na'ura ka baje ta a tsakar ɗaki ka tafi da ita kwana uku, to kai ne gwani. Da wannan halin ai mu muke koya wa yara ƙarya. Sannan manhajar sata da muke sakawa, wa za ka kira in ta rikice? Ni da nake ƙorafin jiran kwana biyar, aƙalla akwai wadda na jira.

Na sani akwai abin da ba laifinmu ba. Nan tunda na zo ban ga an ɗauke wuta a siton nan ba, kwamfutar na iya yin wata da watanni ba a kashe ta ba, mu kuwa a gida ɗaukewa da kawowa kaɗai ya isa ya lalata faifai ya hargitsa ma'ajiyar bidiyo, ga zafi ga ƙura. Firosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai ka ga kashi 100 alhali rabin ƙarfinsa yake aiki da shi. Wannan ko a nan da na buɗe tamu na tarar da ƙura ta yi kitso a fanka, na hure ta na sa sabon man sanyaya firosesa. A gida kam wannan ya kamata ya zama abin duk wata biyu, kuma ba ya buƙatar komai sai buroshi da niyya.

Kar kuma ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Kafin ta ajiye waya ta lura kyamara ta shida tana leƙa farfajiyar maƙwabta, tace in rufe wannan ɓangaren da baƙin akwati, don a dokar kare bayanan mutane ta 2018 kamfani ba ya ɗaukar abin da ya ga dama, sai ya manna sanarwa cewa akwai kyamara, ya biya kuɗin rajista wurin ICO, hukumar da ke kula da kare bayanan mutane, kuma wanda aka ɗauka yana da ikon ya nemi a ba shi hotonsa. Ɓarawo ya shigo maka amma kai ake karanta wa doka. Na rufe dai, kuma rufewar ta rage motsin banza da kyamarar ke kamawa, don rabin ƙararrawarta dama karen maƙwabtan ne.

Abin da ya rage min yanzu ruwan Manchester da gizo-gizo. Da dare fitilar kyamara mai hasken da ido ba ya gani tana haska ɗigon ruwa su zama kamar fararen ƙwari, manhaja ta ɗauka mutum ne, ga ƙwari na son wurin, gizo-gizo na bin su yana saƙa a bakin gilashi, zare ɗaya in iska na kaɗa shi sai ya kwana yana tayar da naɗi. Na rage saurin jin motsin, na zana mata iya bakin get da bayan motoci, sauran kuma sai tsani da tsintsiya duk ranar Litinin.

Injin tayil dai ba a same shi ba. Na kira ƙanina da na bar wa kayan aikina na ce ya je gidajen da muka saka wa kyamara masu kwamfuta ya duba min ƙaramin hoton nan ko a kunne yake, yace Yaya wane ƙaramin hoto?