Gargaɗi: ƙwai 60, ko ɗan tsako ɗaya ban gani ba

Wallahi har yanzu in na tuna muryar mutumin nan sai in ji abu ya tokare min wuya. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ƙwan daga gonata yake, zakaru na nan cikin kajin." Haka ya ce, ni kuma na yarda. Ƙwai 60 da injin ƙyanƙyasa, kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa, na tura masa a tashi ɗaya.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Na yi. Na san ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na san zafin injin wajen digiri 37.5 ake so, na san a kwana na 18 ake daina juyawa a ƙara danshi. Har tambayarsa na yi yaushe aka yi ƙwan, don in ya wuce mako a ajiye ƙyanƙyasarsa raguwa take. Ya ce jiya-jiya aka kwashe. Ya turo min bidiyon 'yan tsaki suna fasa ɓawo, jiƙe sharkaf. To wa zai ga wannan ya yi zargi?

A kwana na 7 na kashe fitila na haska ƙwan da tocila. Mai rai jijiyoyin jini ake gani a ciki kamar saƙar gizo. Nawa fayau, sai inuwar gwaiduwa tana lilo. Ɗaya bayan ɗaya, duka 60. Na kira shi ya ce, "Hajiya, tocilarki ce ba ƙarfi, ki bari sai kwana 14." Kuma na bari! Nan ne ke ƙona min rai.

Af, kafin wannan ma akwai maganar injin. Ko bayan haskawar ne? Na dai ara ma'aunin zafi na saka ciki. Allon injin na nuna 37.5 dare da rana, ma'aunin kuwa 34 da safe, 40 da rana. Ashe lambar ado ce. Tiren da ya ce da kansa yake juya ƙwai, tun kwana na uku ya cije, da hannu na riƙa juyawa har da tsakar dare.

Kwana 23 na haƙura na fasa su. Ko ɗigon jini babu, wasu sun zama baragurbi, warin ya kori kowa daga ɗakin. Ƙwan ci ne, na kajin keji da ba su taɓa ganin zakara ba. Ƙwai 60. Tarin wata biyar. Na riga na sayi abincin 'yan tsaki da mazubin ruwa, yara kullum sai sun leƙa injin sun tambaye ni, "Mama, yau za su fito?"

Da na tura masa hoton fasassun ƙwan ya toshe ni a WhatsApp, shafinsa na Facebook ma ya sauya suna. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wayata, zan ɗora su in hannuna ya daina rawa.

Ku kunna inji ya kwana da ma'auninku a ciki kafin ku biya. Ƙwai kuma ku fara da kaɗan, ku haska a kwana na 7.

"Zakaru na nan cikin kajin." Har da rantsuwa fa ya haɗa.